Waƙa a Aji, Kiɗa a Waje: Sharhi Kan Matsayin Kiɗan Hausa a Jami'o'inmu

Gabatarwa

Maƙasudin wannan ɗan sharhi shi ne in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga wani giɓi da ke cikin karatunmu, wanda saboda tsananin daɗewarsa har mun daina ganinsa. Giɓin kuwa shi ne na kiɗa. Duk wanda ya shekara biyu yana nazarin Hausa a jami'a ya san Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Ɗanmaraya. Ya iya fitar da turken waƙa da tubalan gininsa, ya iya nuna kambamawa da siffantawa da habaici da zambo. Amma da za a ajiye masa kotso a gabansa a ce ya nuna bugun da jagora ke shiga a kansa da wanda 'yan amshi ke karɓa a kansa, to da ido ya raina fata. Alhali kuwa mutanen nan da muke nazari, "Makaɗa Narambaɗa" da "Makaɗa Ɗanƙwairo" jama'arsu ke kiransu.

Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun cikin 1961, daga baya wasu jami'o'in Kudu irin su ta Ife suka bi sahu. A nan ƙasar Hausa kuwa, ɗalibin da ke son digirin farko a kan kiɗa ba zai same shi a Jami'ar Bayero ba, ko ta Ahmadu Bello, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo. Kiɗan Hausa ɗan raɓe ne, wani lokaci a zauren adabin baka, wani lokaci a zauren wasan kwaikwayo. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da za a yi masa ɗakin kansa, amma fa bisa sharaɗin a gina ɗakin da ƙasar gida.

Mene ne Digirin Kiɗa?

Da yawa daga cikinmu in suka ji an ce digirin kiɗa, sai su ɗauka shekara huɗu za a kwashe ana cashewa. Abin ba haka yake ba, kuma babu wanda ya kamata ya fi saurin gane shi kamar ɗalibin harshe, domin tsarin karatun biyu kusan ɗan Juma ne da ɗan Jummai.

Mu da ilmin furuci muke farawa, su kuma da horar da kunne: malami ya taɓa sauti biyu, ɗalibi ya faɗi tazarar da ke tsakaninsu, ko a buga masa wani salo ya maimaita shi daidai. Muna koyon ƙa'idojin rubutu, su ma suna koyon rubuta sauti a kan layuka biyar, ta yadda wanda bai taɓa jin kiɗa ba zai iya duba takarda ya san tashin kowane sauti da daɗewarsa. Muna da nahawu, su kuma suna da ƙa'idojin jera sautuka da haɗa su. Muna da adabi da tarihinsa, suna da tarihin kiɗa da nazarinsa. Daɗin daɗawa, kowane ɗalibi sai ya zaɓi abin kiɗa ko busa guda, ko kuwa muryarsa, ya ƙware a kai har ya iya tsayawa gaban malamai a jarraba shi, sa'an nan a shekarar ƙarshe ya rubuta kundi kamar yadda mu ma muke yi.

Ke nan digirin kiɗa kayan aiki ne na sauraro da bayani. Su ne kuwa kayan aikin da muka rasa.

Abin da Takarda ke Zubarwa

Kowa ya sani Hausa harshe ne mai karin sauti. Kalmar "kuka" in aka furta gaɓoɓinta biyu a sama, ta mai hawaye ce. In aka ɗaga ta farko aka saukar da ta biyu, ta zama itacen da ake miya da ganyensa. Haka "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala. Ga kuma tsawon wasali, da gaɓa mai nauyi da mara nauyi. To waɗannan abubuwa biyu, wato hawa da saukar murya da kuma tsawon gaɓa, su ne makaɗi ke kwaikwaya har a ce ganga ta yi magana. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hamatarsa fata ta ɗame sauti ya hau, ya sassauta sauti ya sauka. Da haka yake kiran taken mutum, mutumin ya ji daga nesa ya san da shi ake, ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Kakaki ma, wanda tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka fara busa shi a Kano, da 'yan sautukansa ƙalilan yake faɗar taken sarki.

Bari in kawo misali daga aikin aji. An taɓa umartar mu da kowa ya ɗauko waƙar baka guda daga garinsu ya yi mata nazari. Ni mutumin Kausani ne ta ƙasar Wudil, saboda haka sai na ɗauko wani dattijo mai kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa, a wani bikin aure. Da na zo juyar da abin da na ɗauko zuwa takarda, sai na tarar akwai wurare masu tsawo da babu wanda ya rera kome, kalangu kaɗai ke tashi, amma a daidai nan ne ihu da guɗa suka fi yawa. Dalili kuwa, a nan ne yake kiran taken mahautan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji nasa ya zabura ya yi kari. A bisa tsarin da aka koya mana, abin da zan rubuta a duk irin wannan wuri shi ne kalmar "kiɗa" a cikin baka biyu, in wuce. Wato wurin da ya fi kowane muhimmanci ga mutanen da aka yi wa waƙar, shi ne ya zama fanko a takardata. Na sami maki mai kyau, amma rabin waƙar a Kausani na baro shi.

Abin bai tsaya ga waƙar baka kaɗai ba. Farfesa M. K. M. Galadanci ya nuna mana tun 1975 yadda rubutacciyar waƙar Hausa ta auri arulin Larabci, kuma har yau a kan wannan turba muke yanka baitoci. To amma sanannen abu ne cewa Malam Aliyu Namangi a kan karin kiɗan caji ya ɗora Imfiraji. Yaya ɗalibin da bai taɓa jin caji ba, balle ya iya ƙirga bugunsa, zai gane abin da ya sa baitocin nan suke gudana a bakin almajirai kamar ruwa? Zai dai ƙirga gaɓoɓi ya sami adadi daidai, amma sirrin yana cikin gangar da ba a shigo da ita aji ba.

Aikin Magabata

Kada mai karatu ya zaci raina aikin malamanmu nake yi. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, kuma duk abin da na sani a wannan fage daga gare su na tsinta. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka cikin 1975, lokacin da mutane da yawa ke ganin mawaƙi bai kai a yi masa kundi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa mana hanya a cikin Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, kuma bai mance da kiɗa da rauji ba, ya ba su gurbinsu. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya tattara mana Narambaɗa a littafi guda cikin 2009. Ba don irin waɗannan ayyuka ba, da kalmomin ma sun salwanta.

Matsalar ita ce, gurbin da aka ware wa kiɗa, mu ɗalibai ba mu da abin cika shi. In muka zo wurin sai mu ce "ana amfani da kalangu", ko "kiɗan yana da daɗi da armashi", shi ke nan. Wannan kuwa kamar a tambayi ɗalibi salon marubuci ne ya ce da alƙalami ya yi rubutun.

Waɗanda suka kutsa cikin sautin kansa, akasarinsu baƙi ne. David Ames ya zauna a Zariya cikin 1963 da 1964 yana ɗaukar kaɗe-kaɗe, Anthony King kuma ya yi nasa binciken a fadar Katsina a kan ganguna da kakaki. Su biyun suka haɗu suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa cikin 1971, wanda ya ƙunshi sunayen kayan kiɗa da sassansu da masu kaɗa su da lokutan da ake kaɗa su. Marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya rasu a 2016, ya daɗe yana gwada awon baiti a takarda da yadda ake rera shi a baki. Madalla da aikinsu. Amma da Ingilishi suka rubuta, don mutanensu, kuma ƙamus ɗin nan ya haura shekara hamsin ba a sabunta shi ba. Abin kunya ne a ce jikan mai gangar noma sai ya bi ta Landan ko Amurka kafin ya san sunayen sassan gangar kakansa.

Akwai kuma wani abin lura. Cikin 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta, abin da ya faranta ran duk mai kishin Hausa. Sai dai Shata ya rayu shekara 11 bayan nan, har ya rasu a 1999, ba tare da an sami wani sashe a ƙasar Hausa da zai zaunar da makaɗansa su koya wa ɗalibai yadda suke jera kalangansu ba. An karrama mai waƙa, amma ilmin da ke hannun masu kiɗa bai sami shiga aji ba. Yau mu nawa ne za mu iya kawo sunan makaɗin Shata ko da guda ɗaya?

Hanzarin Masu Suka

Na san akwai masu hanzari, kuma hanzarinsu ba na banza ba ne.

Na farko shi ne na matsayi. A wurin Bahaushe kiɗa da roƙo tare suke tafiya, kuma M. G. Smith ya rubuta tun 1957 yadda al'umma ke ajiye maroƙi a ƙasan tsani, ko da kuwa ya fi mai ba shi kyautar arziki. Wane uba ne zai sayar da amfanin gonarsa ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta don ya fito makaɗi? Amsata ita ce, raini ba ya rage wa ilmi daraja. An raina jima da fawa da wanzanci, amma ga shi ana karanta sarrafa fata da lafiyar dabbobi da aikin tiyata a manyan makarantu, ba wanda ya ce uffan. Ita kanta Hausar da muke karantawa, wa bai taɓa shan tambayar nan ba ta "kana Bahaushe kuma me za ka karanta a Hausa?" Wanda ya sha wannan gori bai kamata ya yi wa wani irinsa ba.

Na biyu shi ne na addini, kuma shi ya fi nauyi. Hukunci dai na malamai ne, ni ba nawa ba ne. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da ke rubuce. Wani Bajamushe mai suna Veit Erlmann ya tattara abin da shugabannin jihadin Sakkwato suka rubuta game da kiɗa a littafinsa na 1986, kuma a ciki ana ganin ba su yi wa kiɗa kuɗin goro ba: sun bambanta gangar yaƙi da ta sanarwa da bugun mandiri a bikin aure daga kiɗan sharholiya. Tun kafin su kuma, Alfarabi, wanda ya rasu wajajen shekara ta 950 Miladiyya, ya wallafa babban littafi a kan ilmin sauti da awonsa. Bugu da ƙari, nazarin abu daban, aikata shi daban. A darasin al'ada muna karanta bori da tsafi da camfi, ba a taɓa jin wani ya hau bori a ɗakin jarrabawa ba.

Na uku shi ne na abinci: in an gama, ina aikin? Ga gidajen rediyo da talabijin cike da tsofaffin faya-fayai da kaset-kaset masu bukatar wanda ya san abin da ke cikinsu. Ga masana'antar finafinan Hausa, wadda kusan kowane fim sai da waƙa. Ga ɗakunan haɗa kiɗa birjik a Kano da Kaduna da Jos, inda matasa ke koyon aikin da ka, ba malami ba littafi. Ga hukumomin raya al'adu. Aikin yana nan, masu yinsa ne ba a horar ba.

Wane Irin Digiri?

A nan ne nake rabuwa da masu cewa a ɗauko manhajar wata jami'a kawai a dasa a Kano. Digirin kiɗa kamar yadda Turawa suka tsara shi, a kan fiyano aka gina shi, kuma fiyano sautuka 12 ne ke gare shi a kowane zagaye, kowanne a kafe, ba ya gusawa. Goge kuwa, da tsarkiyarsa ta gashin doki, zamewa yake yi a tsakanin sautuka yana bin muryar mai waƙa. Kalangu ba shi da matakala, gangara ce. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsarkiya ɗaya tak ta kuntigi ya yi duk abin da ya yi. Mai algaita yana shaƙar iska ta hanci yana busa da wadda ya tara a kumatu, sauti ba ya yankewa. Sa'an nan babban abin da manhajar Turawa ke kashe lokaci a kai, wato jera muryoyi huɗu mabambanta su tashi tare, ba shi ne ginshiƙin waƙarmu ba. Namu ginshiƙin shi ne jagora da 'yan amshi, da yadda ganguna ke saƙa bugu cikin bugu.

In aka auna kiɗanmu da wancan ma'auni, kullum zai riƙa fitowa a karkace, ɗalibi ya fita yana ganin na gida kuskure ne da ke bukatar gyara. Mun ma fara ganin alamar haka ba tare da jami'a ba. Tun da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinai daga ƙarshen shekarun 1990, ga kuma manhajar kwamfuta mai daidaita murya, sai muryoyin mawaƙa suka koma bin sautukan nan 12 sau da ƙafa. Ban ce waƙoƙin zamani ba su da daɗi ba, ni ma ina saurare. Amma lanƙwasar murya irin ta Barmani Coge ko ta Ɗan'anace, na'ura kuskure take ɗaukarta, sai ta miƙe ta.

Saboda haka digirin da nake kira a kafa, daga kalangu da kotso da goge zai fara, fiyano da layuka biyar su zo a matsayin baƙi masu amfani. Ba kuwa sabon abu ba ne a Afirka. A Gana, tun farkon shekarun 1960, Farfesa Kwabena Nketia ya shigo da gwanayen makaɗan gargajiya Jami'ar Legon suna koyarwa, ba a tambaye su takardar shaida ba, hannunsu ne shaidarsu. A can ne Akin Euba ya rubuta kundinsa na 1974 a kan dundun, gangar Yarabawa 'yar'uwar kalangu. A Jamhuriyar Nijar ma an buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai cikin 1989, har da ɗakin adana kayan kiɗan gargajiya. In maƙwabta sun iya, mu me ya hana mu?

Ko jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, yanzu kuma take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, tana da rawar takawa. Sauti ai kimiyya ne. Me ya sa fatar wannan dabba ta fi ta waccan amo? Yaya zurfin icen da aka sassaƙa yake sauya muryar ganga? Me ɗan dunƙulen naken da ake liƙa wa fatar kotso yake yi wa sautinsa? Masassaƙa da makaɗan ƙauyukanmu sun san amsa a aikace, saura mai awo ya zauna da su ya rubuta.

Kammalawa

Na sani kafa sashe ba aikin kwana ɗaya ba ne, sai da kuɗi da malamai da amincewar hukuma. Amma da sannu ƙwai kan yi ƙafa, kuma akwai abin da za a iya farawa da shi tun yanzu. Ina roƙon malamanmu da su duba yiwuwar sa darasi ko da guda ɗaya na sanin kiɗan Hausa a cikin manhajarmu, wanda za a riƙa gayyato makaɗi da kayansa ya zauna a gaban aji. Ina kuma ba da shawarar duk kundin da aka rubuta a kan waƙar baka a haɗa shi da sautin da aka ɗauko, a kuma rubuta sunan kowane makaɗi da abin da ya kaɗa, kamar yadda ake rubuta sunan jagora. Ita kuma wannan ƙungiya tamu, a Makon Hausa mai zuwa, maimakon a kira makaɗa su cika mana fili da daddare kawai, a ba ɗayansu kujera da rana cikin masu gabatar da lacca, mu yi masa tambayoyi.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, kalmomin waƙa in an rubuta su sun tsira, amma bugun hannu yana tafiya ne da mai hannun. Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo sun tafi da makaɗansu, waɗanda suka rage a ƙauyuka tsufa ya kama su, 'ya'yansu kuwa da yawa sun kama wasu sana'o'in. Ranar da za a buɗe sashen kiɗa a ƙasar Hausa, Allah ya sa a tarar da sauran wanda zai koyar a cikinsa. Ina fatan malamai da ɗalibai za su tofa albarkacin bakinsu a fitowa ta gaba, ko da kuwa don su nuna akasin abin da na faɗa ne.